Katin ɗakin otal, lifta da batun shigo da baƙo: amsoshi ga ƙannenmu masu tafiyar kasuwanci

Tun da na fara kai riɗi da zoɓo daga Maigatari da Gumel zuwa Legas, har tafiya ta miƙa da ni Dubai da Guangzhou, da wuya ranar kasuwa ta wuce wani daga cikin ƙannenmu bai tare ni da tambaya a kan kwanan otal ba. Tambayoyin ba sa canjawa, ni kuwa na gaji da nanata su a ƙofar masallaci, shi ya sa na tattara su wuri guda.

Na shiga lifta na danna lamba, ta ƙi motsi. Ta lalace ne?

Lafiyarta ƙalau. Ka kara katin ɗakinka a jikin ɗan akwatin da ke kusa da maɓallan, ka jira fitilarsa ta kama, sannan ka danna lambar hawanka.

Me ya sa ba ta kai ni hawan da abokin tafiyata yake ba?

Domin ba a can ka kama ɗaki ba. A yawancin otal-otal masu wannan tsari, katinka yana buɗe hawanka ne da wuraren kowa da kowa, kamar ɗakin cin abinci.

Idan aka ɗauke wuta, zan maƙale a waje?

A'a, ka kwantar da hankalinka, makullin ƙofar da batir yake aiki. Ramin da ke jikin bango kusa da ƙofa shi ne na wutar ɗaki: in ka zura kati fitila da na'urar sanyaya ɗaki su kama, in ka zare su mutu.

Abokin ciniki ko ɗan uwa zai zo wurina. In ba shi katina ya hau, ko in karɓar masa wani?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma ba ta da amsa guda, domin dokar otal ta bambanta da ta wani otal, ta ƙasa ma ta bambanta da ta wata ƙasa. Abin da zan fara faɗa shi ne, mu da muka tashi a gidajen da ke da zaure bai kamata wannan ya rikita mu ba. Babu wanda ke zarcewa da baƙo cikin gida don kawai za su yi cinikin buhu ashirin na riɗi. A zaure ake shimfiɗa tabarma, a can ake ƙulla magana. To, falon ƙasa na otal shi ne zaurenka, akwai kujeru, akwai shayi, akwai idon jama'a, kuma mafi yawan cinikin da na taɓa yi a tafiya a can na gama shi.

Sai dai wani lokaci hawan yakan zama dole, misali idan samfurin kaya yana ɗaki, ko za a duba takardun da ba a son bazawa a gaban mutane, ko kuma ƙaninka ne da ke karatu a garin ya zo gaishe ka. A irin wannan hali ka sauko da ƙafarka, ka kai shi teburin karɓar baƙi, ka ce baƙonka ne. Wani otal zai rubuta sunansa kawai, wani zai riƙe katin shaidarsa har ya fito, wani zai ce ba a hawa da baƙo bayan wani lokaci na dare, wani kuma ba zai yarda ba sam, kuma duk suna da iko. Idan kwana zai yi, magana ta canja, domin ya tashi daga mai ziyara ya koma mai masauki, za a nemi a yi masa rajista, mai yiwuwa a ƙara kuɗi. A ƙasar Sin doka ce otal ya miƙa bayanan duk baƙon ƙasar waje da ya kwana ga 'yan sanda, saboda haka ɓoye mutum a ɗaki can yana iya jawo wa kai da shi da otal ɗin fitina. A Dubai ma sai da fasfo ko katin shaida ake rubuta mai kwana.

Kati na biyu ana bayarwa, amma ni ban cika son a karɓa wa wanda ba a rubuta sunansa ba, ko da amintacce ne. Makullin ƙofa yana ajiye tarihin katin da ya buɗe shi da lokacin da aka buɗe, kuma duk katin da aka buga wa ɗakinka da sunanka yake tafiya. Ranar da wani abu ya ɓace a wannan hawa, kai za a fara nema. Ban ce kowane otal ne ke tsanantawa haka ba. Na sauka a wasu ƙanana da babu mai tambayar kowa, amma a irinsu ne na fi kwana da ido ɗaya a buɗe.

Yaya zan shigo da mace ɗakina ba tare da kowa ya sani ba?

An yi mini wannan tambaya fiye da sau ɗaya, da murya ƙasa-ƙasa, kuma wallahi tana ɓata mini rai. Ba zan koya wa kowa ba. Ka baro iyali a gida, ka ɗauko dukiyar mutane, wasu sun sayar da awaki sun damƙa maka, sannan abin da ya dame ka ke nan? Ko mun ajiye maganar tsoron Allah, wadda ita ce gaba da komai, sirrin da kake nema babu shi: akwai kyamara a ƙofar shiga, a cikin lifta da kuma a barandar ɗakuna. Karuwanci laifi ne a Dubai da Saudiyya da ƙasar Sin, a Sin ɗin ana iya tsare mai nema har kwana 15 tare da tara, a gida kuma ka san aikin Hisbah. Na san wani ɗan kasuwa, ba zan faɗi garinsu ba, da ya farka da azahar kansa na sarawa bayan an zuba masa wani abu a lemo, ya tarar babu waya, babu fasfo, babu kuɗin kaya. Kunya ta hana shi kai ƙara, bashin kuma har yau bai gama biya ba.

Gaskiya ne waya tana kashe kati?

Mai baƙin layi a baya, wanda ake zurawa, maganaɗisu yana iya goge shi. Wanda ake karawa a jikin makulli ba ya gogewa haka. Sau da yawa ma wa'adin kwananka ne ya cika, sai ka koma tebur a sabunta maka.

Katina ya ɓace.

Ka je ka faɗa nan take, kada ka jira gari ya waye. Za su soke tsohon su buga maka sabo. Kuma don Allah ku daina ajiye kati a cikin 'yar takardar da aka rubuta lambar ɗaki a jikinta, domin wanda ya tsince su tare ya tsinci makulli da adireshi.

Ashe ke nan ƙofar kati ba ta buɗuwa ga ɓarawo?

Wa ya gaya maka? A watan Maris na 2024 masu binciken tsaro sun bayyana rauni a makullan ƙofar otal masu suna Saflok, wanda ya shafi ƙofofi kimanin miliyan 3 a ƙasashe 131, ta yadda ake iya haɗa katin bogi a buɗe su. Kamfanin ya fitar da gyara, amma kai ba ka da hanyar sanin ko an gyara na ɗakinka. In ka shiga ka sa sakata ko sarƙar ciki, ka leƙa ta ɗan ramin ƙofa kafin ka buɗe wa mai ƙwanƙwasawa, in ya ce ma'aikaci ne ka buga waya ƙasa ka tabbatar. Wanda kuma ya biyo bayanka cikin lifta ya ce ka kara masa katinka, ka ba shi haƙuri ka nuna masa tebur.

Idan ƙararrawar gobara ta yi kuka fa?

Kada ka kusanci lifta, matakala za ka bi. Taswirar hanyar fita tana manne a bayan ƙofar ɗakinka, ka karanta ta daren farko kafin ka kwanta.