Mai zanen barkwanci da ƙorafin masu karatu: ina iyakar 'yancinsa?

A teburin mai shayi a Ƙofar Ƙaura ta Katsina ko bakin kasuwar Daura, zane ɗaya a waya yakan zaga hannu goma kafin a karanta labarin da ke ƙarƙashinsa. Wasu su ƙyalƙyale da dariya, wasu su nemi lambar edita.

Shin doka ta yarda mai zane ya yi wa shugabanni zambo?

Ta yarda. Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, sashe na 22 kuma ya ɗora wa 'yan jarida bin diddigin gwamnati. Sai dai sashe na 45 ya ba da damar taƙaita 'yancin saboda zaman lafiya, tarbiyya da haƙƙin wasu. Sana'ar ta daɗe: tun shekarun 1940 Akinola Lasekan yake caccakar Turawan mulkin mallaka da zane a jaridar West African Pilot, mu kuma mun san 'yan kama da 'yan tashe masu kwaikwayon manya. An taɓa toshe wannan ƙofa da Dokar Soja ta 4 ta 1984, wadda ta haramta buga abin da zai jawo wa jami'in gwamnati ba'a, har aka ɗaure 'yan jaridar The Guardian ta Najeriya biyu. An soke ta a 1985.

A ina zambo ke tsayawa, ɓata suna ya fara?

A ce an zana shugaban ƙaramar hukuma da tulelen tumbi, yana kurɓar ruwan gora, a bayansa mata da yara sun jera jarkoki a bakin famfon da ya ƙafe. Wannan ra'ayi ne kan aikinsa, kuma duk mai sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa shaida ne. Amma da zarar an rataya masa jaka an rubuta "kuɗin rijiya", an zarge shi da sata ke nan, kuma kotu za ta nemi hujja. Sashe na 391 na Penal Code, wato kundin dokokin laifuka na Arewa, bai tsaya ga magana da rubutu ba, ya haɗa da alamu da zane, hukuncin kuwa kan kai ɗaurin shekara biyu. Cire suna ba ya fitar da kai idan hula, tabarau da gemu sun nuna ko wane ne. Ga kuma sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka sha kama 'yan jarida da shi, aka yi masa gyara a 2024.

Ƙorafi ya iso, me ya kamata edita ya yi?

Kada ya yi gaggawar goge zanen. An riga an ɗauki hotonsa, gogewar kuma za a fassara ta da amsa laifi. Ya fara tambayar mai ƙorafin: me ke cikin zanen da ba gaskiya ba? Idan akwai kuskure, sai a gyara a fili, a wurin da zanen ya fito, a nemi afuwa. Ƙa'idojin aikin jarida da aka amince da su a Ilori a 1998 sun wajabta gyara da ba mutum damar mayar da martani.

Idan kuwa amsar ita ce "an ci mutuncin maigidanmu", kuma saƙonni ɗari sun shigo da kalmomi iri ɗaya cikin awa guda, to yaran ɗan siyasa ne aka turo. A buga martaninsu, zane ya zauna. Babban abin kunya shi ne editan da ya ga zane, ya sa hannu, sannan da wuta ta tashi ya ce mai zane ne ya yi gaban kansa. Wanda ya amince a buga, shi ke da alhaki.

Akwai ƙorafin da mai karatu ke da gaskiya ko da ba a yi ƙarya ba: zanen da ya mai da almajiri, gurgu ko ɗan gudun hijirar Batsari abin dariya, ko ya sa wa kowane ɗan bindiga kamannin ƙabila ɗaya. Ƙa'idojin nan na Ilori sun hana aibata mutum saboda ƙabila, addini, jinsi ko naƙasa.

Batun addini fa?

Nan ba wurin gwaji ba ne. Zanen ɓatanci ga Annabi (SAW) da wata jaridar Denmark ta buga a 2005 ya jawo asarar rayuka a Maiduguri a Fabrairun 2006. Doka ta hana ɓatanci ga addini, kuma Katsina jiha ce mai aiki da shari'a. Wanda aka ɓata wa rai shi ma kotu ce hanyarsa, ba ɗaukar doka a hannu ba.

Me zai hana jarida ta daina zanen ta huta?

New York Times ta yi haka a bugunta na ƙasa da ƙasa a 2019, bayan ce-ce-ku-ce kan wani zanen Netanyahu da Trump. A nan asarar za ta fi yawa, don manomin da bai iya karanta sharhi ba yana gane zanen buhun taki da ya fi ƙarfin aljihunsa. Abin da ya fi shi ne mutum biyu su duba kowane zane kafin a saki, ɗaya ya san doka, ɗaya ya san garin, sannan a ajiye hujjar duk wani zargi da zanen ya ƙunsa.