Ma'anar kasala, da abin da ya raba ta da lalaci

Da sanyin Disamba a Jos, mai dako a kasuwar Farin Gada zai iya cewa "yau kasala nake ji", abokan aikinsa su yi masa sannu. Amma a kira shi rago, sai an raba faɗa. Ƙamus yakan jera kalmomin nan wuri guda, alhali kunnen Bahaushe ya san ba ɗaya ba ne.

Kasala aro ce daga Larabci, daga tushe mai baƙaƙe uku: k, s, l. Balarabe yana cewa *kasal* ga halin, *kaslan* ga mai halin, jam'i kuma *kusala*. Wannan jam'in ya zo sau biyu a Alƙur'ani, a Suratun Nisa'i aya ta 142 da Suratut Tauba aya ta 54, duka a kan munafukai masu tashi salla jiki ba ƙwari. A addu'ar da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Anas, Annabi (SAW) ya nemi tsari daga *ajz* da *kasal* a jere. Malamai sun raba su da kyau: *ajz* shi ne ka so yin abu ka kasa, *kasal* kuwa kana da iko amma zuciya ta ƙi tashi.

Da kalmar ta bar gida sai ta riƙa sauya kama. A Farisanci *kesalat* na nufin ɗan rashin lafiya, a Urdu kuma *kasalmandi* nauyin jiki ne. Ibrananci, harshen Yahudawa, yana da *kesil* mai waɗannan baƙaƙe, amma shi wawa yake nufi, kuma ya cika littafin Karin Magana na cikin Baibul. Ragon da aka aika ya koyi aiki wurin tururuwa a sura ta 6 aya ta 6, da wata kalma dabam aka kira shi, *atsel*.

Girkawa ma suna da tasu tsohuwar kalma, *akedia*, wato rashin kula. A ƙarni na 4, Ebagiriyus, ɗaya daga cikin masu ibadar da suka keɓe a hamadar Masar, ya sa ta cikin miyagun tunani guda 8, ya kira ta aljanin tsakar rana: mutum ya ga rana ta ƙi tafiya, addu'a ta gundure shi, ya yi ta leƙen waje. A ganina wannan ta fi kusa da abin da muke kira mutuwar zuciya.

Hausa ta yi irin na Farisanci, ta saukar da kalmar a jiki. Shi ya sa ake *jin* kasala, ko a ce ta kama mutum, kamar zazzaɓi. Ba a jin lalaci, yin sa ake yi. Laifin hali kuwa muna da namu kalmomi tun asali. Malalaci ba ya son aiki ko kaɗan. Rago yana farawa ya sare, kalmar kuma tana ɗauke da ƙanshin tsoro, shi ya sa take ciwo. Ƙyuya ita ce a aiki yaro ya noƙe, son jiki zaɓen mai sauƙi, cima-zaune kuma mai jiran guminka.

Kuskuren da ke cutarwa shi ne a ɗora wa mai kasala sunan malalaci. Zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin jini, ciwon suga, shigar ciki da ciwon damuwa duk suna iya farawa da ita. Ta bayan cin tuwo ko ta yammacin azumi tana wucewa da hutu. Wadda ta kai mako 2, barci bai kore ta ba, musamman in ta zo da jiri, haki, yawan fitsari ko ƙin abin da aka saba so, ta asibiti ce. Akan fara da gwajin maleriya, awon yawan jini da na suga, a kuma tambayi yadda barci da cin abinci suke.