Me ake nufi da "buƙatun rayuwa" a asibitocin unguwa na Amurka?

A ce mai ciwon suga ya dawo asibitin unguwa karo na uku cikin wata biyu, sukarin jininsa ya ƙi sauka. Likita na shirin ƙara masa allura, sai nas ta tambaye shi inda yake ajiye insulin ɗin. Ashe an yanke masa wuta tun makonni, firij ya koma akwati, maganin kuwa zafi na rage masa ƙarfi. Irin wannan ne ma'aikatan lafiya a Amurka ke kira buƙatun rayuwa masu taɓa lafiya: abin da shi kansa ba cuta ba ne, amma yana hana magani ci.

Kada a haɗa shi da yanayin zaman al'umma mai haifar da cuta, wanda kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya ƙarƙashin Michael Marmot ya yi rahoto a kansa a 2008. Wancan zancen talauci ne da tsarin ƙasa. Wannan kuwa zancen mutum guda ne da ke zaune gaban likita yau.

A 2017 hukumar da ke riƙe da inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka, wato Medicare da Medicaid, ta fara gwajin tambayar majinyata abu biyar: wurin kwana, abinci, abin hawa, kuɗin wuta da ruwa, da ko akwai mai cuta musu. Tambayar abinci ba a yin ta gatsau, don da wuya mutum ya ce wa baƙo yana kwana da yunwa. Sai a ce, cikin wata 12 da suka wuce, ko kun taɓa fargabar abinci zai ƙare kafin kuɗi su shigo? An tambayi mutum sama da miliyan ɗaya. Mai wata buƙata da ya je ɗakin gaggawa sau biyu ko fiye cikin shekara, shi aka riƙa haɗawa da jagora mai bibiyarsa.

Tambaya ba wuya. Wuyar ita ce gane ko aikin ya yi amfani, domin asibiti na iya cika rahoto da adadin waɗanda aka tura ofishin taimako, ba tare da an san ko hatsi ya shiga gidan ba.

Akwai kuma wani tarkon da ya fi wannan wayo. A garin Camden na jihar New Jersey, likita Jeffrey Brenner ya kafa shirin bin majinyatan da suka fi kowa kwanciya asibiti har gida, da nas da ma'aikacin jin daɗin jama'a. Ya yi suna ƙwarai, don kwanciyarsu ta ragu bayan shiga shirin. Sai aka raba majinyata 800 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi a shirin, rabi a kulawar da aka saba. Sakamakon ya fito a 2020: cikin kwana 180, kashi 62.3 cikin ɗari na 'yan shirin sun sake kwanciya, na ɗaya ɓangaren kashi 61.7. Dalilin raguwar da aka gani da farko shi ne an ɗebo mutanen a lokacin da ciwonsu ya kai maƙura, kuma daga can dole abin ya ɗan lafa, da shiri ko babu. Ni dai ina yaba wa mutanen Camden, ba kowa ke yarda a auna abin da ake yabonsa a kai ba.

Gwajin tambayoyi biyar ɗin shi ma ya zo da nasa mamakin. Majinyatan da aka haɗa da jagora sun rage zuwa ɗakin gaggawa, amma ba su fi waɗanda aka miƙa wa takardar adireshi kawai samun biyan buƙata ba. Jagoran na iya buga waya ya cike fom, sai ya tarar ofishin gidajen ba shi da ɗakin da zai bayar.