Gefen Titi da Ƙudan Zuma: Tambayoyi da Amsoshi daga Jos

Me ya haɗa aikin titi da ƙudan zuma?

Filin da ke gefen titi ne ya haɗa su. Kowace babbar hanya tana da ƙasar da aka keɓe mata hagu da dama, kuma duk wanda ya bi hanya daga Mararrabar Jama'a zuwa Hawan Kibo ya san yawanta. Ƙudan zuma da malam buɗe littafi da sauran ƙwarin da ke yi wa furanni barbara suna buƙatar abinci da mafaka, a daidai lokacin da gine-gine da gonaki ke cinye dajin da suka saba rayuwa a ciki. Idan aka bar furanni a gefen titi, sai ya zame musu doguwar gada daga wannan kurmi zuwa wancan.

Ina ruwan manomi da wannan?

Rahoton masana na duniya da ya fito a 2016 ya nuna cewa kusan kashi 75 cikin 100 na manyan nau'o'in amfanin gona suna cin moriyar barbarar ƙwari da tsuntsaye da jemagu. Kokwamba da kankana da kabewa da ake saukewa a kasuwar Farin Gada ba sa yin 'ya'ya yadda ya kamata sai ƙudan zuma ya ɗauki garin fure daga namiji ya kai wa mace. Kaɗanya ma tana dogara da shi, kuka da ɗorawa kuwa jemagu ne ke yi musu wannan aiki da dare.

An taɓa gwada haka a wani wuri?

An gwada. Dokar sufuri da Amurka ta yi a 2015 ta ƙarfafa wa jihohi gwiwa su rage yankan ciyawar gefen hanya, su shuka furannin gida, sannan a 2016 jihohi 6 suka amince su kula da hanyar da ta tashi daga Tekzas zuwa Minesota saboda wani malam buɗe littafi mai ƙaura. A birnin Utrecht na ƙasar Holan an shuka tsirrai a kan rufin tashoshin bas 316 a 2019.

A Jos me ya kamata a fara yi?

A ganina, a fara da abin da ba ya cin kuɗi, wato rage feshin maganin kashe ciyawa da daina cinna wa gefen hanya wuta da hunturu, domin wutar tana ƙone ƙwai da tsutsotsi da ramukan ƙudajen da ke zama cikin ƙasa. Haka kuma a jinkirta sharar ciyawa har furannin ƙarshen damina su zubar da iri. Bayan wannan sai maganar kwangila, wadda ita ce ta fi damuna. Mai gireda yakan kankare ƙasar sama gaba ɗaya, a tafi a bar jar ƙasa tsirara, ruwan Yuli da Agusta ya zaizaye ta ya toshe kwalbati. Da za a rubuta cikin takardar kwangila cewa dole ɗan kwangila ya ajiye ƙasar saman ya mayar da ita, da irin da ke cikinta ya tsiro da kansa. Dokar tantance tasirin ayyuka a kan muhalli ta 1992 ta riga ta buɗe ƙofar saka irin wannan sharaɗi a manyan hanyoyi.

Doguwar ciyawa ba za ta tare wa direba gani ba, ko ta zama maɓoyar macizai da ɓata-gari?

Wannan tsoro ne mai tushe, kuma ran ɗan Adam shi ne gaba. Bakin kwalta da kwana da mahaɗar hanyoyi da shataletale dole su kasance a share, a bar furannin can baya inda ba su tare komai ba. Shanu da ke bin gefen hanya ma za su ci wani ɓangare, don haka sai an zauna da makiyaya da masu unguwanni.

A ɗora amya a bishiyoyin bakin titi?

A'a. Ƙudan zuman ƙasarmu yana da faɗa, kuma hayaniyar motoci na iya tunzura shi ya afka wa masu tafiya a ƙasa da 'yan acaɓa. Amya ta zauna a gona nesa da jama'a, ƙudan zai zo gefen titi ya yi kiwo ya koma.