Kaskon garwashi bai dace da ɗakin Bronx ba

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Bronx da Harlem da kewaye a birnin New York, musamman waɗanda bana ne sanyinsu na farko a Amurka. Aikina shiga gidaje ne ina duba lafiyar iyali, kuma duk shekara da an shiga Disamba gabana kan faɗi. Dusar ƙanƙara tana kisa, amma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne dabarun da muke yi don korar sanyin.

A gida, in hunturu ya kankama, tsohuwa kan zuba garwashi a kasko ta shige da shi ɗaki. Ko a can ma akan yi asarar rai, alhali ɗakin yana shan iska ta ƙofa da taga da rufi. To ɗakin nan a toshe yake ruf, da gangan aka gina shi haka don kada ɗumi ya fita. Gawayi, janareta, murhun gas ko obin da aka bari a buɗe don ɗumama ɗaki, duk suna iya cika gida da wata iska da likitoci ke kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi. Jini take kamawa ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke buƙata. Takan fara da ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, sai barci. Alamar da nake so ku riƙe ita ce wannan: in kowa a gidan ya fara ciwon kai lokaci guda, kuma aka ji sauƙi da an leƙa waje, kada a ce zazzaɓi ne a sha magani a kwanta. A fita da yara nan take, a kira 911, lambar agajin gaggawa. A watan Fabrairun 2021, da guguwar sanyi ta ɗauke wa miliyoyin mutane wuta a Texas, hukumomin jihar sun ƙidaya mutum 246 da suka rasu, kuma wannan iskar na cikin abin da ya kashe su. Hajiya, har kaskon turaren wuta ma, in an gama a kashe garwashin kafin a kwanta.

Sai hita mai aiki da lantarki. Da yawanmu ba mu manta safiyar Lahadi 9 ga Janairun 2022 ba, ranar da gobara ta tashi a benen Twin Parks mai hawa 19 a nan Bronx. Mutum 17 suka rasu, takwas daga ciki yara, galibi 'yan uwanmu Musulmi 'yan asalin Gambiya. Allah Ya jiƙan su. Daga hita wutar ta tashi, amma hayaƙi ne ya kashe su, domin ƙofar sashen da wutar ta tashi ba ta rufe kanta ba, hayaƙin ya bi matakala ya cika benen. Saboda haka yau ɗin nan ku gwada ƙofarku: ku buɗe ku saki, in ba ta rufe da kanta ba a gaya wa mai gidan haya. Hita kuwa kai tsaye ake jona ta a bango, a nisanta ta da labule da katifa kamar taku uku, a kashe ta in za a yi barci. Ƙararrawar hayaƙin da ke silin, wadda wasu ke zare wa batir saboda tana damun su in ana suya, don Allah a mayar mata.

Na san abin da ke sa mutane kwana da hita: ɗakin ne ba ɗumi. A nan doka na bayanku. Daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu, wajibi ne mai gidan haya a New York ya ba da ɗumi. Da rana, in sanyin waje ya sauka ƙasa da digiri 55 a ma'aunin Amurka, dole ɗaki ya kai 68, da dare kuma 62. In ya ƙi, a kira 311, lambar kai ƙorafi ta hukumar birnin, kyauta ne, kuma suna da tafinta. Kunyar kai ƙara ba ta da amfani a wannan wurin.

Direbobinmu na tasi da masu kai abinci a keke, in gwamnati ta ce an hana zirga-zirga, ku zauna a gida, ko da ranar ce kuɗi ya fi shigowa. A guguwar Disambar 2022 a Buffalo sama da mutum 40 suka mutu, wasu a cikin motocinsu aka tarar da su. In mota ta maƙale, kafin a tayar da inji a share dusar da ta toshe salansa, don kada wannan iskar ta cika motar. A guguwar Janairun 2016, wadda ta zuba inci 27.5 a Central Park, wata uwa da ɗanta sun rasu a New Jersey suna zaune a mota ana kunne da inji, maigidan na waje yana kwashe dusar da shebur.

Shi kansa aikin sheburin ba wasa ba ne. Dusar in ta jiƙe nauyi gare ta, sanyi kuma na matse jijiyoyin jini. Baba, in kana da hawan jini ko ciwon zuciya, bar wa samari.

Tanadi ba shi da wuya: ruwan sha da abincin kwana uku wanda ba sai an dafa ba, tocila da batir maimakon kyandir, waya cike da caji, da maganin mai ciwon suga ko asma kafin hanya ta rufe. Yatsun da sanyi ya daskarar har suka yi fari, kada a murza su, kada a gasa su a wuta, a ruwa mai ɗumi-ɗumi ake sa su. Tsohon da ya fara rikicewa, harshensa na harɗewa, barci na fizgarsa bayan ya sha sanyi, a lulluɓe shi da bargo a kira 911.

Limamanmu, ina roƙo a sanar da wannan bayan sallar Juma'a, a kuma rubuta sunayen tsofaffi da gwagwaren da ke zaune su kaɗai, a raba wa matasa lambobinsu tun kafin a yi hasashen guguwa ta gaba.