Wayar dish mai faɗi da ake bi da ita ta taga: tana da haɗari?

Mece ce wannan waya, kuma me ya sa masu haya ke nemanta?

Guntuwar waya ce shimfiɗaɗɗiya kamar tef, tsawonta yawanci santimita 20 zuwa 30, da kan jona waya da ake kira F, mai zare irin na noti, a kowane gefe. Wayar dish ta asali, RG6, kaurinta ya kusa milimita 7, taga ba za ta rufu a kanta ba. Wanda ke gidan haya na bene, mai gida kuma ya hana huda bango, sai ya yanke RG6 biyu, ya sa mai faɗin a tsakani, ya rufe taga a kanta.

Za ta iya jan mutum ko ta tayar da gobara?

Da wuya ƙwarai. Wutar da ke cikinta daga dikoda take fitowa zuwa LNB, wato na'urar da ke bakin farantin: volt 13 ko 18 ne, kuma ba ta kai rabin amfiya ba. Idan ka taɓa kan wayar ka ji tana ɗan cizo, kada ka zargi mai faɗin. Dikoda ce ko talabijin ke yoyon wuta saboda soket ɗin gidan ba shi da atin, wato wayar da ke kai wutar da ta yoyo cikin ƙasa, kuma wannan aikin mai gyaran lantarki ne.

To ina matsalar take?

A wurin matsewa. Cikin wayar akwai zaren jan ƙarfe na tsakiya da rufin ƙarfe da ke kare shi, roba siririya ce kawai ta raba su. Kullum aka buɗe taga aka rufe, robar na ƙara lotsewa, musamman a tagar alminiyam mai zamewa, wadda bakinta ke da kaifi. Ranar da biyun suka haɗu, dikoda za ta nuna gargaɗin LNB ta yanke wutar. Dikododi masu arha da ba su da wannan kariya, sashen karɓar siginarsu na iya ƙonewa.

Kafin a kai nan akwai alama da ke ruɗa mutane: wasu tashoshi su ɓace, wasu su rage. Zaren da ya fara tsinkewa yana rage ƙarfin wuta, volt 18 ba ya isa LNB cikakke, sai tashoshin da ke buƙatarsa su tafi, na volt 13 su ci gaba da aiki. Da yawa sukan hau su juya faranti a banza.

Tana rage sigina?

Tana ragewa. Siginar tana tafiya tsakanin megahaz 950 zuwa 2150 a waya mai om 75, wato ma'aunin da ake ƙera wayar dish a kansa, kuma siffar mai faɗin ba ta riƙe wannan ma'auni daidai. Rufinta ma ba shi da ƙarfi, don haka siginar wayar salula ta megahaz 1800 na iya kutsawa. A rana mai haske ba za a lura ba, sai hadari ya taso hoto ya riga na maƙwabta daskarewa. Guda ɗaya ta isa a layi, kada a jona biyu. Idan farantin mai injin juyawa ne, a haƙura da ita, domin injin na jan wuta fiye da LNB.

Yaya ake saka ta?

A cire dikoda daga soket tukuna. A zaɓi gefen tagar da ba a cika buɗewa ba, inda akwai roba mai laushi, nesa da makulli. A kwantar da ita ba murɗi, a manne ta da tef, kawunan biyu su fita sarai daga inda taga ke dannewa. A ɗaure kan F da hannu, a naɗe na waje da tef mai hana ruwa. Wayar waje kuma ta ɗan sauka ƙasa da taga kafin ta hau, don ruwan sama ya ɗige a can maimakon ya bi ta zuwa ɗaki.

Tsawa fa?

Ba ta kare komai. Farantin da ke baranda ko saman bene yana buƙatar atin nasa, a haɗa shi a waje kafin waya ta shigo ta taga. Inda babu shi, da an ga hadari ya haɗo a kwance wayar daga bayan dikoda, a cire filogi, kafin a fara walƙiya.