Ƙaramar kwamfuta ba raguwa ba ce

Har yau wasu in sun ga ƙaramar kwamfutar tafi-da-gidanka sai su taɓe baki, wai ta yara ce. Irin su Asus Eee PC ta 2007 mai allon inci 7 ne suka ja mata wannan baƙin jini, don shafi uku na intanet kan sa ta haki. An wuce nan. MacBook Air ta 2020 mai M1 (ƙwaƙwalwar sarrafa aiki ta kamfanin Apple) ko fanka babu a cikinta, amma tana tace bidiyo, batirinta ya wuni.

Matsalarta daban ce. In aiki mai nauyi ya daɗe, zafi ya taru, sai ta rage gudu. RAM ɗinta, wato wurin da take riƙe ayyukan da kake kan yi, a manne yake, mai gyara ba zai iya ƙara maka ba. Ramukan USB biyu ne kacal, caja kuma ta cinye ɗaya.